Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Haka na tarar, haka na yi, kuma ko yau aka tambaye ni ba zan ce laifi ba ne. Kakanninmu sun bar tsafi sun shiga coci tun ba a haife ni ba. Sun bar burukutu, sun bar yanka a gindin kuka, amma kunyar ɗan fari ba wanda ya ce a ajiye ta, kuma maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke yi. Tawa 'yar farin kuwa abin ninki biyu ya zo mata: ga ta ta fari, ga shi ubanta ya sa mata sunan mahaifiyarsa. To ina ni ina buɗe baki in faɗi sunan surukata a tsakar gida? "Ke" nake ce mata. In zancenta ya taso cikin mutane sai in ce yarinyar nan, ko babbarsu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Kafur, masara da dawa da waken soya su ne abincinmu su ne suturarmu. Da aka yaye yarinyar, surukata ta ɗauke ta zuwa ɗakinta kamar yadda ake yi, gida ɗaya ne, bango kawai ya raba mu. Tsohuwar "takwara" take ce mata. Ni kuwa in na dafa abu mai daɗi sai in cika nata kwanon ya fi na kowa, in ba ƙanwarta ta kai, in kau da kai kamar ban san inda ya nufa ba.

Yarinyar nan tun tana ƙarama da tsokana ta taso. Sauran 'ya'yana in na kira su, na'am suke cewa tun daga bayan gida. Ita ko in na ce "ke", ba za ta amsa ba. Sai dai ta zo ta tsaya a gabana tana murmushi, hannu a baya. Wata rana na ce mata wace irin rashin tarbiyya ce wannan, uwa ta kira a yi mata shiru.

"Inna, ai ke ba suna ba ne," in ji ta. "Akuya ma ke ake ce mata. Ranar da kika kira sunana zan yi miki na'am ɗin da za a ji a Funtuwa."

Na jefe ta da ludayi ta goce, kakarta tana ta dariya har da tari. Daga ranar abin ya zama wasanmu. Ta girma, ta gama sakandare, ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki, ba ta taɓa ce mini na'am ba, ni kuma ban taɓa ba ta abin da take nema ba. Ina jin daɗin wasan nan fiye da yadda na nuna.

Da ta gama karatu an yi mata maganar aikin koyarwa a Funtuwa, har na fara lissafin zannuwan da zan riƙa ɗaurawa. Sai ga ta wata Lahadi bayan an taso daga sujada, ta durƙusa a gaban ubanta ta ce Ubangiji ya kira ta aikin bishara a Nijar, can gabas, wani ƙauye cikin rairayi. Su biyu za a tura, ita da wata yarinya 'yar Filato da suka yi makaranta tare. Wai wurin talakawa za su. Ina jin haka kunya ta bar ni na ɗan lokaci. Na ce talakawa? Mu nan masu kuɗi ne? Wane talauci ne za ki ƙetare iyaka ki nemo wanda ba mu da shi a bakin ƙofa? Ga gonarmu ta nesa mun bar wa ɓarayin daji, ga taki ya fi ƙarfinmu, ga kakarki ido ya tafi, kunne yana bin sa. In hidima kike so ai ga ta nan ta yi mana yawa.

Ta bar ni na gama faɗa. Sannan ta ce ba wa'azi za su je yi a kasuwa ba, ba kuma kayan agaji za su raba ba, don ba su da shi. Za su je su zauna ne kawai. Su ja ruwa tare da mata, su yi daka, su je suna, su je makoki, har a saba. Zumunci ta kira shi. Na ce wannan wane irin zumunci ne da ake fara shi da barin dangi? Ubanta dai cewa ya yi abin da aka ba Allah ba a karɓewa. Na kwana biyu ban yi masa magana ba.

Ranar tafiya na bi su tashar Malumfashi wai zan sayo gishiri. Tun da safe na riga na cusa mata daddawa da kuka da yaji a ƙasan jaka, da sabon gidan sauro da na saya ban gaya wa kowa ba. Da ta shiga mota sai ta leƙo ta taga, ta sa tafin hannu a bayan kunne tana kallona, wai tana jira. Mutane cike da tasha. Na ce, "Ke, ki riƙa ɗaura gidan sauro." Ta yi dariya, motar ta tashi. Na koma gida ban sayi gishirin ba.

A ƙauyenmu waya ba ta samun sabis sai an hau wani dutse da ke bayan gari, kusa da gonarmu ta gida. Su ma can sai sun hau wani tudun rairayi a bakin hanya. Saboda haka muka tsayar da Lahadi da yamma: ni a kan dutsena, ita a kan tudunta. Nan nake jin labarinsu. Da farko matan garin kallonsu kawai suke yi, ana jiran a ga abin da suka zo sayarwa. Rijiyarsu mai zurfi ce ƙwarai, ta ja guga har hannunta ya sale ya yi kanta. Sai wata tsohuwa Musulma da mijinta ya rasu ta ce 'yan mata ba sa kwana su kaɗai a garinsu, ta kwashe su zuwa gidanta. Iya suke ce mata.

Ni dai kullum tambayata ɗaya ce, mutum nawa suka tuba. Kullum amsa ɗaya, babu ko ɗaya. Sai ta hau ba ni labarin yadda take zuba wa Iya ruwan alwala a buta in ƙafa ta hana ta tashi, yadda Iya take korar awaki da yara ranar Lahadi don su biyun su yi waƙoƙinsu a natse, yadda ta riƙe wata mata ranar haihuwa. Na ce to me kika je yi? In daka ne ai turmina yana nan ba mai taya ni. Ta ce Inna, yanzu in an yi rasuwa a garin nan da mu ake zama, ba a tashi in mun shigo. A bakinta wannan babban abu ne. Ni ban ga girmansa ba a lokacin, kuma na gaya mata.

Wata Lahadi muna cikin magana sai na ji wata murya daga nesa, muryar tsohuwa mai ƙarfi, tana kwaɗa kiran sunan nan. Sunan da na riƙe a baki tun ranar suna ban bar shi ya fito ba, ga wata can tana jan sa yadda ta ga dama, da irin Hausarsu. Sai na ji yarinyar nan ta juya ta ce, "Na'am, Iya." Kai, ranar na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Ji na yi kamar an sa hannu a kwanona. Aka ba tsohuwar wayar muka gaisa, ta ce na haifi 'ya, Allah ya yi mini albarka. Uwa ba ta karɓar yabon 'yar fari, sai na ce oho, ku dai kuka gani. Ta yi dariya ta ce ta gane, ita ma ta haihu.

Haka muka ci shekara da wani abu. Sai damina ta biyu ta zo ƙarshe, aka shiga karyar masara, a daidai lokacin da aka rufe iyakar Nijar. Lahadi ta zo na hau dutse, waya ba ta shigo ba. Na zauna har rana ta yi ja, na sauko ina cewa a raina ƙila caji ne. Washegari muna gona sai ga kira a wayar ubanta, 'yar Filaton ce. Ta ce zazzaɓi ne ya kama yarinyar nan, sun ɗauka na kullum ne, ta sha ƙwayoyi, amma yanzu ya hau mata kai, tana surutai, ba ta gane mutane. Na fizge wayar na ce ina gidan sauronta. 'Yar Filaton ta ce tun bara ta ba wata mai jego shi.

Na zauna a kan tarin masara. Na zagi mai jegon da ban sani ba, na zagi rairayin, na zagi makarantar da ta sa mata wannan a kai, na juya kan ubanta na ce ga abin da ka ba Allah nan. Ya ajiye buhun da ke hannunsa ya tafi Malumfashi wurin Fasto, daga nan tasha. Direbobi suka ce mota ba ta ƙetarawa, sai dai a bi daji a kan babur, in an tsira daga nan kuma akwai doguwar tafiya gabas. Ya ce zai bi. Ya dawo ya ɗauki riga ɗaya ya tafi, ya bar ni da ƙaramar wayata da masarar da ba a gama karya ba.

Daga ranar na koma kan dutse. Gari na wayewa in hau, in zauna da waya a cinya, rana ta dake ni yadda take so. Ba na sauka ko don cin abinci, kada kira ya shigo ina ƙasa. Maƙwabciyata Musulma ita ke hawo mini da kunu, ta karɓi wayar in caji ya yi ƙasa ta bar mini tata da layina a ciki, ta sa a kai wurin mai caji a dawo da ita. Masara tana gona tsuntsaye da awaki suna rabo, ban damu ba. In na kira can sai wata mata ta yi mini Faransanci a kunne, in kashe in sake kira. Na roƙi Allah da baki, na roƙe shi da kuka, na yi masa alkawura iri-iri, har na ce ya ɗauke ni a madadinta tun da ni na ci duniya.

Matan zumunta na cocinmu suka fara zuwa suna zama a gindin dutsen, suna waƙa suna addu'a. Surukata ta ce ita ma sai an kawo ta, aka riƙo hannunta aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. In suna addu'a sukan ambaci yarinyar da sunanta, ni kuma daga sama in ce amin. Fasto ya hawo wata rana ya ce Mama, ki kai ta gaban Ubangiji da bakinki, ki faɗi sunanta. Na ce Fasto, wanda ya ba ni ita ya san wadda nake nufi.

Sau ɗaya kira ya shigo a tsakanin nan. 'Yar Filaton ta ce asibiti yana da nisa, motar da ke bi ta garin ta daina zuwa saboda tsadar mai, ta je ƙauyuka biyu a ƙafa neman abin hawa ba ta samu ba. Ta ce mutanen garin sun ce za su ɗaura shanu a amalanke su kai ta. Ta ce yarinyar ta daina surutan ma, kwance kawai take. Ubanta kuwa ba labarinsa, wayarsa a kashe.

Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara a cinyata. Na ji kukan ƙafar amalanke, na ji ana tsawata wa shanu, na ji 'yar Filaton tana kuka ta kasa haɗa magana. Sai aka karɓe wayar, muryar Iya ta shigo. Ta ce suna kan tudu, sun tsayar da shanu don ni, da zarar sun gangara babu sauran waya har asibiti. Ta ce kan yarinyar yana bisa cinyarta, tun jiya take kiran sunanta ba ta motsa ba.

"Ta gaya mini akwai na'am ɗin da ta ajiye miki," in ji ta. "Na san nauyin abin, ni ma ban taɓa kiran nawa ɗan farin ba. Amma yau ki sauke shi, 'yar'uwa. Ga wayar a kunnenta."

Na ji numfashi, mai nauyi, yana ja yana tsayawa. Na ce, "Ke." Na ce ke, tashi mana, ni ce. Na ce ke, ba ki ji ba ne, masara tana gona ba mai taya ni. Numfashin dai bai sauya ba. Na buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ba wai na ƙi ba ne, Allah ya sani. Harshena ne bai san hanyarsa ba. Ga mata cike a ƙasa sun yi tsit suna kallona, ga mai sunan zaune a tabarma. Na ji tsohuwar can tana cewa rana tana yi, shanu ba za su daɗe a tsaye ba, ki yi mana.

Na miƙe tsaye a kan dutsen na rufe ido na kira. Ban san da irin wannan murya a jikina ba. Sunan ya fito da ƙarfi, ya bi kan gonaki, har waɗanda ke karyar masara nesa suka ɗago.

Sai daga gindin dutse surukata ta ɗaga murya ta ce, "Na'am!"

Tsohuwar da sai an yi ihu a kunnenta kafin ta ji. Ta ji sunanta, ta amsa, kamar yadda ta saba amsawa tun tana yarinya. Na'am ɗinta ya cika mini kunne, wasu mata suka ce wayyo, wata ta fashe da kuka, ni kuma ina danna wayar a kunne ina cewa ku yi shiru, don Allah ku yi shiru. Kafin su yi shirun, abin da ya rage a wayar iska ne da kukan amalanke. Na sake kiran sunan, na sake, yanzu da ya sami hanya fita yake ta yi ba tsayawa. Ban san lokacin da layin ya yanke ba. Maƙwabciyata ce ta zare wayar daga hannuna ta ce ba kowa a ciki.

Surukata tana ta tambaya wa ya kira ta. Ba wanda ya iya gaya mata.

Ba su kai asibiti da ita ba. Da la'asar 'yar Filaton ta dawo kan tudun ta kira, Fasto ne ya karɓa, da na ga ya cire hula na gane. Can aka binne ta. Mazan garin ne suka haƙa kabarin, matan suka yi mata wanka, 'yar Filaton ta karanta abin da muke karantawa, su kuma suka tsaya har ta gama ba wanda ya tafi. Ubanta ya isa bayan an riga an rufe. Ya dawo ya rame, ya ce ya tarar da garin gaba ɗaya a zaman makoki a ƙofar gidan Iya, kamar 'yar gari ce ta mutu, har mai jegon nan ta zo da yaron a baya ta durƙusa tana kuka. Ya ce ba su bar shi ya ci abinci shi kaɗai ba ko sau ɗaya. Na ji. Ba wannan nake son ji ba.

Da Lahadi ta zagayo na hau dutse na kira. Aka nemo Iya, aka hawo da ita tudu. Muka yi gaisuwar rasuwa, ita tana yi mini ni ina yi mata, don ban san wadda ta fi cancanta a cikinmu ba. Sannan na tambaye ta abin da ya hana ni barci.

"Iya, ta amsa?"

"Ta amsa," in ji ta. "Leɓenta ya motsa, na sa kunne. Na'am ta ce."

Na ce ba numfashi ba ne? Ta ce a'a, na'am ne. Na ce a kira na farko ko na baya? Ta ce na farko.

Yanzu 'yar Filaton tana can har yau, ta ƙi dawowa, an tura mata wata abokiyar aiki. Ni kuma kusan kowace Lahadi sai na hau dutse mun gaisa da Iya. Mu yi zancen ruwa, mu yi zancen gero da masara, ta yi mini ƙorafin ƙafa in yi mata na baya. In za mu rabu sai in sake tambaya, ita kuma ta sake ba ni amsar nan, ba ta taɓa gajiya ba, ba ta taɓa sauya ko kalma ɗaya ba. Surukata ta rasu bara. Ban riƙe ta a zuci ba, sunanta ne aka kira.

Na san Iya mace ce mai tausayi, irin waɗanda za su iya gaya wa uwa abin da zai sa ta ci abinci. Na kuma san tsohuwa ce mai salla, ba za ta ce wallahi a kan abin da bai faru ba ko da wuƙa a wuyanta. Kalma ɗaya ce tsakanina da sani. Sau da yawa nakan hau dutsen da niyyar yau zan ce mata ta rantse. Sai mu gaisa, mu yi zancen ruwa, in yi tambayata, ta ce ta amsa. In ce to, Allah ya kai mu wata Lahadin, in kashe wayar.